Gogen Baba Harold

Masaukina na farko a Amurka ɗaki ne na ƙarƙashin ƙasa, a gidan Anti Bilki da ke Upper Marlboro. Taga ɗaya gare shi, can sama kusa da silin, abin da nake hangowa ta cikinta kuwa ciyawa ce da tayar mota. Anti Bilki 'yar ƙawar mahaifiyata ce. Ita ta je Jos ta tarar da ni ina zaune a gida bayan na fita takabar mijina, ta ce wa Inna ta ba ta ni in taya ta raino shekara guda, ita kuma ta sa ni makarantar koyon jinya. Na bar 'yata Zainab a hannun Inna tana da shekara shida, na ce mata kafin ta kai aji huɗu na dawo.

Kwana biyu da saukata Anti Bilki ta karɓi fasfona, wai za ta adana mini. Sai da na yi shekara biyu da wata huɗu ban sake ganinsa ba. 'Ya'yanta uku ne, in yi musu Hausa su ba ni amsa da Turanci, a bakinsu ma na koyi Turancin ƙasar. Wanka, girki, wanki, guga, shara, duk ni ce. Duk ranar da na tayar da zancen makaranta sai ta ce, "Rakiya, kin cika gaggawa. Nan fa ba Najeriya ba ce, komai sai an bi layi." Ba ta gaya mini bizata ta kusa ƙarewa ba sai da ta ƙare, sannan ta ƙara da cewa 'yan sanda na tsintar irina a titi su tura gida da ankwa a hannu. Daga ranar ko akwatin wasiƙa da ke bakin hanya sai na leƙa hagu da dama nake zuwa.

Wadda ta fitar da ni Hajiya Mariya ce, 'yar Kumasi, mai dafa abincin biki. Ta kawo wake da shinkafa irin nasu ranar wani suna a gidan, ta same ni a kicin ina wanke tukwane, kowa kuwa na falo ya ci ado. Hausarta ta Zango ce, mace ma sai ta ce "ya zo", amma na fahimce ta sarai.

"Ƙanwata, yaushe rabonki da fita daga gidan nan?"

Na tsaya ina tunani.

"Ei! Har sai kin yi tunani?" Ta kama hannuna ta rubuta lambarta a tafina da biro. "Kada ki wanke sai kin haddace."

Na haddace, amma sai da na yi wata guda kafin na iya kira. Ta zo da rana tsaka a motarta ta ɗaukar kaya, ta shiga falo ta zauna ta cire takalmi, ta ce wa Anti Bilki ba za ta tashi ba sai da fasfona. In maigida ya dawo ta gaya masa, in bai isa ba ta kira limamin masallacinsu. Ko sau ɗaya ba ta ɗaga murya ba. Kafin la'asar fasfo ya fito daga wata tsohuwar jakar hannu. Anti Bilki ta jefo mini shi ta ce, "Butulu. Za ki ga Amurka." Ta kuwa faɗi gaskiya, na gan ta.

Zangona na biyu Wheaton ne. Mu biyar mata a gida mai ɗaki biyu, a saman wani shagon wanki. Masu aikin dare su dawo su kwanta a shimfiɗar masu aikin rana tun ɗuminta bai huce ba. Hajiya ta ba ni katin aikin 'yar yayarta Amina, wadda ta koma Kumasi ta yi aure. Ta ce, "Daga yau a bakin Turawa sunanki Amina. In an kira Amina ki juya. In an kira Rakiya ki yi kamar ba ki ji ba." Ta koya mini yadda ake ɗaga tsoho daga gado ba tare da ƙugu ya ƙage ba, yadda ake juya shi kada bayansa ya yi gyambo, da yadda ake murmushi ana zagin mutum. Wani kamfani mai tura masu jinya gidajen tsofaffi ya ɗauke ni da wannan suna.

Shekara biyu na yi ina yawon gidaje. Akwai wata tsohuwa a Silver Spring da ke ɓoye cokula a ƙarƙashin filo ta ce na sace. Akwai wani tsoho da ba ya yarda baƙar fata ta taɓa masa abinci, amma yana yarda ta wanke masa kashi. Bas biyu zuwa, bas biyu dawowa. Lokacin sanyi nakan tsaya a tasha har in daina jin yatsun ƙafata. Ranar Lahadi in sayi kati in kira Jos, Zainab ta ce, "Mama, yaushe?" in ce, "An kusa." Daga baya ta daina tambaya, wannan kuwa ya fi mini ciwo.

A shekarata ta biyar aka tura ni Takoma Park, wani tsohon gidan katako a kan tudu, itatuwa sun kusa rufe shi. 'Yar mai gidan, Ruth, malamar makaranta ce a Baltimore, ta tarbe ni a ƙofa tana duba agogo. Ta ce mahaifinta Mista Harold shekararsa tamanin da ɗaya, ciwon karkarwa ne ya kama shi. Da safe hankalinsa garau yake, amma daga la'asar yakan rikice. Ta nuna mini magani, banɗaki da kicin, sannan ta ce, "Akwai kuma ɗaya majinyacin. Shi zai nuna miki."

Na ɗauka kare ne.

Mista Harold dogon tsoho ne, ya rame, hannuwansa na ta rawa a kan cinyarsa. Ya ce in je in wanke hannu da sabulu in goge su bushe sarai. Sannan ya sa na ɗauko wani dogon baƙin akwati daga kabad, na ɗora a tebur na buɗe. Goge ne, irin na Turawa, launinsa kamar zuma da ta daɗe a kwalba, gefe-gefensa sun goge har itacen ya fito.

Ya ce, "Ba bayolin ba ce, yayarta ce, biyola. Ta girme ni, ta girmi ƙasar nan. Ta haura shekara ɗari uku."

 A gidanmu goge kayan 'yan bori ne da gidajen giya. In mai goge ya biyo ta layinmu, mahaifina kan kora mu ciki. Yau ga ni an sa na wanke hannu don in taɓa goge. Da na koma na ba Hajiya labari ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Ai gara goge, ƙanwata. Ba ya cizo, ba ya fitsarin kwance."

Shekara hamsin Mista Harold ya yi yana gyaran irin waɗannan kayan kiɗa a wani ɗaki da ke ƙasan gidan. Yanzu ko kofi ba ya iya riƙewa, sai hannuwana suka zama nasa. Kowace safiya in na yi masa wanka na ba shi magani, sai mu duba goge. Akwai wani ɗan agogo mai auna danshin ɗaki. In allurarsa ta sauka sai in zuba ruwa a na'urar da ke fitar da tururi, domin hitar ɗumama ɗaki na busar da iska, busasshiyar iska kuma na tsaga itace. Ba a shafa masa mai, ba a sa masa ruwa, sai busasshen ƙyalle mai laushi. Ba a ɗaukarsa sai ta wuya.

A hankali, ba don ina so ba, na san jikin gogen nan kamar yadda na san jikin mai shi. Fuskar daga itace mai laushi na kan tsaunuka aka sassaƙa ta, bayan kuma daga itace mai tauri mai zane-zane. Da gam ɗin da aka dafa daga fatar dabba aka haɗa su. Tsarkiyarsa a zamanin da hanjin tunkiya ce. Bakan da ake jansa da shi kuwa gashin wutsiyar doki ne, na ce ai namu ma haka ne, sai dai mu ƙwarya ce da fatar guza. Murna ta kama shi, ya sa na zana masa gogenmu a bayan takardar magani. Wata rana ya ba ni tocila da ɗan madubi irin na likitan haƙori, ya ce in leƙa ta ramin da ke fuskar. A ciki na ga wani guntun itace siriri, bai kai kaurin ɗan yatsana ba, tsaye tsakanin fuska da baya.

"Italiyawa rai suke ce masa," in ji shi. "In ya faɗi, murya ta tafi."

Sunan wanda ya sassaƙa gogen bai taɓa zama a bakina ba, sai na sa masa Mai Goge, Mista Harold ma ya koma kiransa haka in muna tare. Shekara arba'in ya yi yana bin sawun mutumin. Ya je Italiya sau da dama, ya tara kwalaye cike da takardu, yana nufin rubuta littafi, bai gama ba ciwo ya riga shi. Duk da haka abin da ya samo kaɗan ne, kuma na ji shi ya fi sau ɗari, ina yanke masa farce ko ina ba shi abinci.

Mai Goge ɗan wani kafinta ne a wani ƙauye na arewacin Italiya. An kai shi birni ya zauna a gidan wani babban masassaƙin goge, yana share dusar katako yana dafa gam, har ya ƙware. Sunansa ya fito a littafin coci cikin mutanen gidan, can a ƙarshen jeri. Ya yi aure, ya samu 'ya'ya huɗu, ya buɗe nasa ɗan shago. Sai annoba ta shigo garin. A shafi biyu na littafin cocin aka rubuta mutuwar matarsa da 'ya'yansa uku. Daga nan sunansa ya ɓace. Bayan shekaru ya ɓulla a wani gari na bakin teku, yana haya a bayan shagon wani mai sayar da igiya, shi da 'yarsa ɗaya da ta rage, kuma a takardun garin "baƙo" ake rubuta shi har ya mutu. Gogunansa da suka saura ba su kai yatsun hannu biyu ba. Wasu ma dillalai sun ɓare 'yar takardar sunansa da ke ciki sun manna sunan manyan da suka fi shi suna. Wannan ne takardarsa ta tsira, ta yi ja, rabinta ya cinye.

"Dubi ramukan nan biyu, Amina. Na hagu ya ɗan fi na dama tsawo. Manyan masu suna ba sa yin haka. Shi sauri yake yi, yana da bakin da zai ciyar. Ga wani ƙulli nan a jikin itacen, mai hali da jefar da shi zai yi. Shi kuwa da abin da ya samu ya yi aiki."

A shekarata ta biyu a gidan, wata safiya ina dama masa kunun alkama, wayata ta yi ƙara. Yaya Sani ne daga Jos. Ya ce, "Rakiya, sai haƙuri. Inna ta cika da asuba, yanzu muka dawo daga kai ta." Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na kashe wuta, na zuba kunu a kwano na kai. In na fita ƙasar ba zan sake shigowa ba, kuma makarantar Zainab a wuyana take. Babu abin da zan yi sai ba tsoho abinci.

A cokali na uku ya kauda kai ya ce, "Yau hannunki ya fi nawa rawa."

Na gaya masa.

"Za ki je?"

"Ba zan iya ba."

Bai tambaye ni dalili ba. Ya ce in zauna a kujerar marigayiya matarsa, wadda ba ya barin kowa ya zauna a kai. Ya kama ƙarfen da yake dogarawa ya ja jiki zuwa kicin, na tashi ya ce in koma. Ya daɗe a can. Ya dawo da kofin shayi, rabi ya zube a hanya, ya ajiye mini. Bayan na sha ya ce in ɗauko goge, in jingina bayansa da ƙirjina, in ja tsarkiya mafi kauri da yatsa in saki. Na yi. Sautin bai cika ɗakin ba, cikin ƙirjina ya shiga, ya daɗe yana kaɗawa kafin ya mutu.

Ya ce, "Bayan annobar ya yi wannan, a garin da ba shi da kowa. Shekara arba'in ina tambayar kaina yadda mutum zai binne mutum huɗu, ya tashi ya nemi wuƙarsa. Har yau ban sani ba."

A nan kuka ya ƙwace mini. Na mayar da gogen akwati don kada hawaye ya ɗiga a kai, na zauna a ƙasa na yi mai isata. Da na natsu na ce masa sunana ba Amina ba ne, Rakiya ne, sunan da Inna ta zaɓa mini. Ya gwada faɗa sau uku har ya kama. Ya ce, "In mu biyu ne, Rakiya. In da mutane, Amina." Daga ranar na koma ce masa Baba, kuma in ya ga na shimfiɗa sallaya a lungun ɗakin gyaransa sai ya rage muryar rediyo.

A shekara ta uku jikinsa ya ƙara lalacewa. Rikicewar la'asar ta fara sauka tun azahar. Ruth ta ce ko dai gidan tsofaffi, ko a sayar da goge a samu abin kula da shi a gida. Baba ya yi kwana biyu ba ya magana, sannan ya yarda. Amma wata safiya ya kama hannuna ya ce, "Rakiya, na san abin da nake zama da yamma. Gogen nan kada ya fita ƙofar nan sai Ruth na tsaye. Ko ni na ce ki bayar, kada ki bayar." Na ce na ɗauki amana.

Ruth ta sa talla, masu saye suka fara zuwa. Cikinsu akwai wani dillali mai taushin murya da kwat mai tsada. Ya zo da safe Ruth na nan, ya yi ta yabon gogen, a gabansa kuma ta yi zancen rikicewar yamma. Mako biyu bayan haka, ranar wata Laraba wajen ƙarfe huɗu, sai ga shi ya dawo shi kaɗai da kwalin alewa, ya ce Ruth ce ta turo shi.

A lokacin Baba ya ɗauka yana shagonsa ne, mai kawo gyara ya zo. Ya daka mini tsawa in kawo goge, na kawo don kada ya yunƙura ya faɗi. Mutumin ya jujjuya shi, ya yi ajiyar zuciya, ya ce ya sake tunani, yana ganin kwaikwayo ne da aka yi a Jamus daga baya aka manna takardar. Amma saboda mutunci zai tafi da shi New York a duba. Ya fitar da takarda, ya sa biro a hannun Baba. Hannun na rawa, sai ya kama wuyan hannun ya danne shi a kan layin.

Wannan kamun hannu ne ya tayar da ni. Na ce, "Yallaɓai, a jira Ruth."

Ko kallona bai yi ba ya ce, "Ke ba canza masa kunzugu ne aikinki ba?"

Ban san lokacin da na mayar da gogen akwati na rufe ba. Na rungume shi na shige banɗaki na murza makulli. Na kira Ruth, wayarta a kashe, tana taron iyayen yara. Mutumin ya zo ya ƙwanƙwasa a hankali. Ya ce zai kira 'yan sanda ya ce 'yar aiki ta kulle kanta da dukiyar mai gida. Sannan ya rage murya ya ce, "Kina da takardu kuwa?"

Na zauna a bakin bahon wanka, akwati a cinyata. Wallahi sau biyu na miƙa hannu ga makullin. Na kira Hajiya na gaya mata cikin raɗa.

"Ei, Rakiya! Goge ne fa! Ba shi abinsa ki fito. Kina so a sa ki a jirgi saboda itace?"

"Hajiya, amana ce."

 Ta ce, "To karanta duk abin da kika iya. Ga ni nan zuwa."

Dillalin kuwa ya kira 'yan sandan. Su biyu suka zo, mace da namiji. Na buɗe na miƙa wa macen akwatin, na roƙe ta kada ta ajiye kusa da hita. Suka ce in zauna a matakalar falo. Namijin ya durƙusa gaban Baba ya nuna ni ya ce, "Ka san wannan matar?"

Baba ya dube ni ya daɗe. Ni da na yi masa wanka da safiyar nan, na taje masa gashi. Ya ce, "Ban san ta ba. Ina matata?"

Na sha wuya iri-iri a ƙasar nan, amma babu wadda ta kai wannan. Macen ta tambayi sunana. Bakina ya kasa furta Amina, na ce Rakiya. Ta dubi takardar kamfani da ke manne a jikin firiji, ta dube ni, ta rubuta abin da za ta rubuta. Na jira ta tambayi takarduna, ba ta tambaya ba. Sai daga baya na ji cewa a garin ba sa tambayar wannan. Ta karɓi takardar da dillalin ya kawo ta karanta a tsaye, ta ce masa, "Ka ce dubawa za a kai shi. Wannan ai takardar sayarwa ce." Ta ce babu abin da zai bar gidan sai an samu 'yar mai gida. Mutumin ya fara duba agogo, ya ce jirgin ƙasa zai wuce shi, ya fita ya bar alewarsa a tebur.

Hajiya ta iso da atamfar girkinta duk manja, ta zauna kusa da ni a matakala. Ruth ta iso bayan magariba, ta ce ita ba ta turo kowa ba.

Washegari na shiga ɗakin Baba ya ce, "Rakiya, yau kin makara." Bai tuna komai ba, ni ma ban taɓa gaya masa ba.

Kafin mako ya ƙare labari ya kai ga kamfani. Suna biyu a takarda ɗaya, suka sallame ni ta waya, katin Amina kuma ya mutu ke nan. Hajiya ta yi kwana bakwai ba ta yi mini magana ba, sai dai kullum in tarar ta rufe mini abinci a kwano. A rana ta takwas Ruth ta zo Wheaton, ta hau benenmu ta zauna a kan katifa, domin kujera ba mu da ita. Ta ce mahaifinta ya ƙi cin abinci a hannun wadda aka turo, in koma, tsakanina da ita ba kamfani. Ta tambaye ni yadda aka yi na zo ƙasar, na ba ta labari tun daga ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Ita ta haɗa ni da wata lauya mai taimakon waɗanda aka riƙe wa fasfo aka bautar da su a gidaje. Maganar ta ja, sai da na ƙara shekara biyar kafin na taka Jos, na tarar Zainab ta fi ni tsawo, tana gaishe ni da kunya irin wadda ake yi wa baƙuwa.

Da na koma Takoma Park, Ruth ta gayyato wata tsohuwa mai furfura daga Chicago, wadda Baba ya sani tun suna da ƙarfi. Ta yini guda da madubi da fitila. Ta ce fuska da baya da gefe duk hannun Mai Goge ne, kan ne kawai wani ya canza daga baya. Baba ya ce wa Ruth, "Kin ji ko?" ya rufe ido ya yi barci a kujera. Wata ƙungiya mai ba matasan makaɗa aron irin waɗannan goguna ce ta saya. Ranar da suka zo ɗauka, da safe ne, Ruth na tsaye. Baba ya ce babu wanda zai kai shi mota sai ni. Na sauka matakalar tudun a hankali, na ajiye shi a kujerar baya, na ja masa bel. Da na dawo na tarar ya juya kujerarsa ya ba taga baya.

Bai je gidan tsofaffi ba. Wata biyar ya ƙara a gadonsa. Ya rasu wata safiya da itatuwa suka fara fure, na gama yi masa wanka ina sa masa safa. Littafin bai kammalu ba, kwalayen takardunsa aka kai wani ɗakin karatu.

Na yi kwana uku ina taya Ruth kwashe kaya. A rana ta ƙarshe ta ce in ɗauki duk abin da nake so a gidan. Na ɗauki keken guragunsa, domin akwai kawuna a Bukuru da shanyewar jiki ta kwantar, a tabarma ake jansa. Ta rungume ni, na miƙa mata makulli.

Hajiya na jira a ƙasa da motarta. Muka naɗe keken muka tura baya tsakanin tukwane. Ba mu kai fitilar hanya ta farko ba ta ce ta samo mini wani aiki a Silver Spring, wata tsohuwa ce mai nauyi, ta kori mutum uku, kuma ance tana duka da sanda.

"Yaushe?"

"Su gobe suke so."

Gobe Lahadi ce. Na jingina kaina da gilashi na ce, "Hajiya, don Allah ki ce musu Litinin. Ina so in yi barci."